Rausayar Tsarkiya

Hausa ba ta yi rowar kalmomi ba wajen bayyana motsin da ke kai da komowa a wuri guda. Mai zazzaɓi yana makyarkyata, matsoraci yana karkarwa, wanda hunturu ya kama yana rawar ɗari, mai zumuɗi yana rawar jiki, ƙasa tana girgiza, inji yana jijjiga, reshe yana rangaji, yaro yana lilo, budurwa kuma tana rausaya. Ɗalibin da ya jera waɗannan kalmomi a littafinsa zai ɗauka duk kanwar ja ce, sai ranar da aka miƙo masa wani baƙon abu aka ce ya raɗa masa suna. Ran nan ne zai gane kowace da gurbinta, kuma ba a aron ɗaya a yafa wa wata.

Baƙon abin da ya sa ni wannan tankaɗe da rairaya wani salo ne na kaɗa jita. Mutanen Italiya suka sa masa suna bibirato, Faransawa da Ingilishi suka ara yadda yake. Idan makaɗi ya danne tsarkiya ya kaɗa ta, sauti yakan fito ya miƙe, sannan ya mutu a hankali. To, kafin ya mutu, sai makaɗin ya riƙa motsa yatsan da ya danne tsarkiyar, sautin ya ɗan hau, ya dawo, ya ɗan hau, ya dawo. Iyakar abin ke nan. Amma da shi ake bambanta makaɗi da makaɗi, kamar yadda ake gane muryar mutum daga bayan danga tun bai yi sallama ba.

Ni a Gbegamey na tashi, dab da Zangon Kwatano, inda Hausa take cuɗanya da Fon da Yarabanci da Dandanci da Faransanci tun daga kiran asalatu har rufe shaguna. Wani zai yi mamakin yadda kiɗan kantiri, wato kiɗan mutanen karkarar Amurka, ya shigo irin wannan unguwa. Ta hanyar mota ya shigo. Layin dogon da ya tashi daga Kwatano a Paraku ya tsaya, bayan tafiyar kilomita 438, don haka kayan da aka sauke a tashar jiragen ruwa za a kai Nijar, a wancan zamani manyan motoci ne ke ƙarasa da su ta Kandi da Malanbil, su tsallaka kogin Kwara zuwa Gaya, daga nan Doso, wasu har Maraɗi. Kawuna direban irin waɗannan motoci ne, kuma a aljihun gaban motarsa kaset-kaset iri biyu suke: na Mamman Shata da Garba Supa a hannu ɗaya, na Jim Reeves da Don Williams a ɗaya hannun. Ba ya jin Turanci ko na sayen ruwa. Abin da yakan ce shi ne, waɗannan mutane ba sa yi wa matafiyi ihu a kunne.

Ba shi kaɗai ba ne. Jim Reeves ya rasu a haɗarin jirgin sama tun 1964, amma muryarsa ta ci gaba da tashi a shagunan Afirka ta Yamma shekaru da dama bayan haka. Don Williams kuwa farin jininsa a nahiyar ya kai har ya zo ya yi wasa a Harare a 1997. Abin da ya kama kunnena a kaset-kaset ɗin kawu shi ne jitar da ke amsa wa mawaƙi idan ya ja numfashi. Ita ake kira jitar gaba: sauran kayan kiɗa suna riƙe da taki, ita kuma tana faɗin abin da mawaƙi ya bari bai faɗa ba. A ƙarshen kowace jimla tata akwai sauti guda da take riƙewa, ta bar shi ya tsaya cak, sannan ta soma kaɗa shi a hankali. Da na mallaki jita tawa, wannan sauti guda shi na fi daɗewa ina bi.

A nan ɗalibin Hausa zai so ya lura da wani wasa na karin sauti. Jita tana da wuya, koyonta kuma yana da wuya. Na farko namiji ne, ana fara shi da sautin sama a sauke shi ƙasa, shi ya sa muke cewa wuyan jita. Ta biyu mace ce, ana fara ta da sautin ƙasa a ɗaga ta sama, shi ya sa muke cewa wuyar jita. A kan wuyan jita an gicciya siraran ƙarafa da suka raba shi gaɓa-gaɓa kamar rake. Kowace gaɓa rabin mataki ce ta sauti, ƙarfe na 12 kuma shi ne ya raba tsarkiya biyu daidai. Idan ka danne tsarkiya a bayan ƙarfe, ka gajarta ta, sauti ya hau. Idan kuma, kana danne da ita, ka tura ta gefe, ka ƙara mata ɗauri, sauti ya ƙara hawa. Daga nan wata ƙa'ida ta fito wadda duk sauran bayani ya rataya a kanta: ture tsarkiyar da aka danne yana ɗaga sauti ne kawai, ba ya sauke shi ƙasa da mazauninsa. Saboda haka aikin makaɗi biyu ne, ya ɗaga, ya kuma mayar. Wanda ya ɗaga bai mayar da sauti gida daidai ba, kunne zai ji kiɗansa ya yi tsami, ko da mai sauraro bai san dalili ba.

Motsin kansa daga wuyan hannu yake tasowa, yatsa ɗan aike ne kawai. Makaɗi yakan rataya babban yatsa a bisa wuyan jita, ya danne tsarkiya da yatsan zobe, ya jera na tsakiya da manuni a bayansa su dafa masa, sannan ya riƙa murɗa wuyan hannu kamar mai buɗe ƙofa da makulli. Siraran tsarkiyoyin da ke ƙasa sama ake tura su, masu kaurin da ke sama kuma ƙasa ake jawo su, don kada su zame daga gefen wuya. Abu uku ne ke hannun makaɗi: faɗin motsi, saurinsa, da lokacin da zai fara shi. Muryar ƙwararren mawaƙi takan yi irin wannan kai da komowa kamar sau 5 zuwa 7 a daƙiƙa guda, kuma ita jita take kwaikwayo. Mai koyo yakan fara da motsi biyu a kowane taki, ya koma uku, ya koma huɗu, har hannu ya saba da tafiya daidai wa daida. Mafi wuya shi ne a tura tsarkiya har sauti ya hau mataki guda cur, a riƙe ta a can, sannan a kaɗa ta. A wannan hali ne yatsa yake samun damar sassautawa ƙasa da sautin da ake nufi ya kuma zarce shi, amma kuma a nan ne hannu ya fi saurin gajiya ya saki.

Kowane gidan kiɗa da nasa ladabin a wannan fage. Makaɗan bulus irin su B.B. King sukan kaɗa da sauri, hannu yana firfita kamar fiffiken malam-buɗe-littafi. Makaɗan rok da yawa sukan faɗaɗa motsi har sauti ya yi kamar zai tsinke. Makaɗin kantiri shi ne mai kunya a cikinsu. Motsinsa ƙanƙane ne, kuma yakan jinkirta shi: ya bar sauti ya fito tas, mai sauraro ya san inda yake, sannan ya taɓa shi kaɗan a ƙarshe. A waƙa mai sauri ma sau da yawa ba ya kaɗa komai, sai sautin da ya rufe jimla.

Wannan kunya tana da asali. A ƙarshen ƙarni na 19, a tsibirin Hawai, Joseph Kekuku ya shahara da kwantar da jita a cinya yana zamar da sandar ƙarfe a kan tsarkiyoyi maimakon danne su da yatsa. Wannan jitar kwance ta shiga kiɗan kantiri ta zauna, daga baya aka ɗora ta a kan ƙafafu aka yi mata matakai da ake takawa su canza ɗaurin wasu tsarkiyoyi. A waƙar Webb Pierce mai suna "Slowly", wadda ta yi tashe a 1954, Bud Isaacs ya taka matakin alhali sauti yana cikin tashi, wani sauti ya tsaya wani ya zame zuwa sama, kuma tun daga nan wannan kuka ya zama tambarin kantiri. Mai jitar kwance yana murza sandarsa gaba da baya a hankali, sautinsa yana lilo a ɓangarori biyu na mazauninsa. Masu jitar hannu, musamman masu riƙe da Telecaster, wadda Leo Fender ya fitar a Kalifoniya a 1950 ta kuma sami wannan suna a 1951, sai suka dukufa neman wannan kuka da yatsunsu. James Burton ya ɗaura wa jitarsa siraran tsarkiyoyin banjo don su yi saukin turewa. Paul Bigsby ya ƙera wani mariƙi da ake dannawa da hannun dama ya sassauta dukkan tsarkiyoyi lokaci guda, Chet Atkins ya yi suna da taɓa shi sama-sama. A ƙarshen shekarun 1960 Gene Parsons da Clarence White suka haɗa wata na'ura a cikin jita, wadda idan makaɗi ya danna wuyan jita ƙasa, maratayin kafaɗa zai ja tsarkiya ta biyu ta hau mataki guda. Duk wannan wahala don jita ta yi kuka irin na 'yar'uwarta ta kwance. Jitar kwancen ma ta iso maƙwabtanmu: a faifan "Juju Music" na King Sunny Ade, na 1982, Demola Adepoju ne yake kaɗa ta.

Su kansu masu abin ba su tsira daga ruɗanin suna ba. Hawa da saukar sauti shi ne bibirato, ƙarfi da raunin sauti kuma shi ne tiremolo. Amma da kamfanin Fender ya fitar da Stratocaster a 1954, mariƙin da ke hawa da saukar sauti sai ya kira shi tiremolo, daga baya kuma ya rubuta bibirato a jikin wasu akwatunan ƙara sauti da aikinsu ƙarfafa sauti da raunana shi ne. Har yau makaɗa suna fama da wannan musayar suna. Darasin da na ɗauka a nan shi ne, sunan da aka raɗa da garaje yakan bi abu har tsufansa, don haka gara a tsaya a zaɓa.

Mu ma muna da gwanayen sa tsarkiya kuka, kuma sun riga jita zuwa. Goge tsarkiya ɗaya gare shi, ta izgar doki, an ɗaure ta a kan ƙwarya da aka rufe da fatar guza, ana goga ta da baka wanda shi ma izga ne, ana shafa masa ƙaro don ya kama. Kukuma ƙanwarsa ce, ita ce Ibrahim Na Habu da Garba Supa da Hassan Wayam suka yi suna da ita. Goge ba shi da ƙarafa a wuya, kuma mai goge ba ya danne izga har ta taɓa itace, taɓa ta kawai yake yi da yatsa tana rataye. Saboda haka babu shingen da ya hana sautinsa sauka ko hawa, kamar dai mai jitar kwance. Abin da makaɗin Amurka ya nema da ƙarfe da maratayi, mai goge da shi ya tashi a hannu.

A Zango akwai wani dattijo, mutumin ƙasar Maraɗi, wanda ya yi shekaru yana goge a bukukuwa kafin ya ajiye. Wata rana bayan la'asar na same shi a kan tabarmarsa, na gaishe shi, na kunna masa wata waƙar kantiri a waya, na ce, "Baba, wannan abin da jitar take yi a ƙarshen magana, me kuke ce masa?"

Ya sa na maimaita wurin har sau uku. Sannan ya ce, "Ɗan nan, mu ba mu ce masa komai. Yi muke."

Na ce, "Ai yaran yanzu sai da suna suke koyo, Baba. Ko a ce masa karkarwa?"

Sai ya ɗago hannunsa na hagu ya tsayar da shi a gabana. Hannun yana ɓari, kamar yadda ya shekara yana yi, kuma shi ne dalilin da ya sa gogensa yake rataye a bango cikin jakar fata. Ya ce, "Ga karkarwa nan, ka gan ta. Wannan ba ni na aike ta ba. Wancan mutum kuwa shi ya aiki yatsansa, kuma in ya ce ya tsaya zai tsaya. Kada ka haɗa su suna ɗaya."

Bai ƙara komai ba, ni ma ban ƙara tambaya ba. Amma ya ba ni ma'aunin da na koma na auna kalmomin nan da shi, wato ko motsin na ganin dama ne ko na dole. Makyarkyata da karkarwa da ɓari duk na dole ne, suna faɗa wa jiki saboda ciwo ko tsoro ko tsufa, don haka sun fita. Girgiza ana yin ta da niyya, amma tana da ƙarfi, ana girgiza bishiya ne don 'ya'ya su zubo, ana girgiza kai don a ƙi. Jijjiga ta fi ta ƙarfi ma. Rawa ita ce ta fi kusa da baki, kuma da ita mutane da yawa za su fara, sai dai ta riga ta yi aure a wannan gida: idan Bahaushe ya ce murya tana rawa, mai maganar yana gab da kuka ne ko tsoro ya kama shi, idan kuma ya ce haƙori ko kujera tana rawa, abin ya kusa faɗuwa. Wanda ya ce wa makaɗi sautinsa yana rawa bai yabe shi ba. Lilo yana da kai da komowa daidai wa daida, amma ya yi nisa da faɗi, ga shi kuma da ƙamshin wasan yara.

Saura biyu: rangaji da rausaya. Dukansu motsi ne mai taushi da ban sha'awa, kuma a dukansu gindi yana kafe, sama ce ke tafiya ta dawo. Wannan shi ne ainihin abin da ake bukata, domin sautin da ake kaɗawa dole ya kasance yana da mazaunin da yake komawa. Rangaji ya fi faɗi, irin na dogon reshe ko na mai rawa da ya saki jiki, saboda haka ya dace da salon makaɗan rok. Rausaya ta fi ƙanƙanta da natsuwa, ana yin ta da sane, kuma wadda ta iya ba ta yawaita ta. Ita na zaɓa wa salon kantiri. Tana kuma karɓar sarrafawa ba tare da tilas ba: sauti ya rausaya, makaɗi ya rausayar da tsarkiya, wannan waƙa tana son rausaya kaɗan, wane ya cika rausaya. Kalmar da ta shiga jimla huɗu irin waɗannan ba ta yi tuntuɓe ba, ta cancanci a gwada ta.

Wani zai ce wahalar me ake yi, tunda ga kalmar aro, kuma Hausa ba ta taɓa ƙyamar aro ba. Gaskiya ne, jita kanta aro ce, haka kaset da rediyo. Ba laifi ba ne a ce bibirato. Amma kalmar aro suna kawai take ba ka, ba ta koya maka komai. Yaron da aka ce wa ya yi bibirato sai an yi masa dogon bayani, wanda aka ce wa ya rausayar kuwa ya riga ya san kada ya yi garaje, kada ya yi ƙarfi, kuma ya dawo inda ya tashi, domin ya ga rausaya da idonsa a dandalin biki. A unguwa irin tamu akwai wani dalili kuma. Kwatano gari ne na kiɗa, nan ne gidan ƙungiyar Poly-Rythmo wadda jitarta ta zagaya duniya, amma duk yaron Zango da ya je koyon jita da Faransanci ake koya masa. Yakan dawo gida da Hausar cefane da gaisuwa, ya bar maganar sauti da ƙawa da abin da ke taɓa zuciya a wani harshe. Idan aka daɗe a haka, ɗakunan da Hausa take kwana a cikinsu za su yi ta raguwa ɗaya bayan ɗaya, ba tare da kowa ya kore ta ba.

Ga shi kuwa kunnen Bahaushe a shirye yake da wannan aiki tun daga goyo. Wanda yake rarrabe baba mahaifi da baba uwa da baba na rini ta hawa da saukar murya kaɗai, wanda yake jin bambancin kai na nuna mutum da kai na bisa wuya, inda murya take faɗowa daga sama a gaɓa guda, ba baƙo ba ne ga ƙaramin motsin sauti. Ɗalibin da ke fama da karin sauti zai amfana idan ya saurari jitar kantiri ko kukumar Hassan Wayam da wannan niyya: ya bi sauti guda, ya lura da inda ya zauna, da inda ya tashi, da ko ya dawo.

Akwai ɗan yayata da nake koya wa jita ranar Lahadi, wanda rabin zancensa Faransanci ne. Na yi makonni ina ce masa ya tsayar da sauti tukuna, sannan ya rausayar, ban taɓa yi masa bayanin kalmar ba. Kwanan baya muna sauraron wani matashin makaɗi a waya, mai saurin yatsu ƙwarai, sai yaron ya yamutsa fuska ya ce, "Kawu, wannan ai ba rausaya yake ba, karkarwa yake." Na kai wa dattijon nan wannan magana kamar yadda aka faɗe ta. Ya yi dariya har ya yi tari, sannan ya ce in kawo masa yaron, akwai abin da zai nuna masa a jikin gogen da ke rataye.